Kwanon da Inna Ke Turawa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ƙaramin fulat a unguwar Al Rigga ni da maigidana, mahaifiyata ta zo Dubai a duba mata ido. Ziyarar 'yan makonni muka shirya. Ba ta sake ganin Kano ba sai bayan fiye da shekara.

Ana gab da komawarta ta faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɓangaren hagu. Allah ya taimaka hannun dama bai taɓu ba, kuma duk da bakin ya ɗan karkace, magana tana fita. Ranar da za a sallame ta, likitanta, wani dattijon Ba'indiye mai yawan murmushi, ya zaunar da ni ya ce ba za ta hau jirgi ba sai ta yi ƙwari. Ya ƙara da cewa kada a kuskura a bar ta ta ci abinci ita kaɗai, domin haɗiyarta ba ta dawo daidai ba, abinci zai iya sarƙe ta ba kowa a kusa.

Sai na gaya muku wani abu game da ni da Inna, in ba haka ba ba za ku gane labarin ba. Ni ce 'yar fari. Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, duk da a Kano ta yi aure ta tsufa. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. A hannun kakata na girma, in na zo gida hutu sai dai in ji "ke" ko "waccan". Ƙannena su kwanta a jikinta, su ci tuwo kwano ɗaya da ita, su yi ta surutu har ta kore su. Ni kuwa in na shigo tana cin abinci, sai ta rufe kwanon ta kama wata hidima. Na san kunya ce, na san ba ƙi ba ne, kowa ma ya sani. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba, tun ina yarinya har na zama matar aure.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali. In fita da sassafe, in dawo bayan magariba, a gajiye kamar wadda ta yi dako. Maigidana yana harkar kago, wato tura wa 'yan kasuwa kaya gida, a Deira, kuma ko da yana gida, wa zai ce Inna ta ci abinci a gaban suruki? Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, balle a samu jika mai sa mata hannu a kwano. Dole muka nemi mai jinya da za ta riƙa wuni da ita.

Na kira wani kamfani da ke turo masu kula da tsofaffi a gida. Matar da ta ɗauka ba ta fara da tambayar ciwon ba. Cewa ta yi, "Wace ƙasa kike so?" Ta jero mini su kamar mai tallan atamfa: 'yar Filifin, 'yar Indiya, 'yar Nefal, 'yar Afirka. Ni ma ban tsaya tunani ba na ce 'yar Filifin, don kowa a ofis su yake yabo. Sai ta tambayi tamu ƙasar. Da na ce Najeriya, sai ta ce za ta duba wadda za ta yarda. Wadda za ta yarda! Na ajiye wayar ina ta masifa, wai mu ne za a yi wa zaɓe. Maigidana ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To ke da aka tambaye ki, ai ban ji kin ce a kawo 'yar Afirka ba." Ban kula shi ba har washegari.

Daga baya na ji cewa mutum biyu sun ce ba sa zuwa gidan baƙar fata. Ta ukun ce ta zo. 'Yar gajeruwa ce, za ta kai shekara arba'in, da farin takalmi da 'yar jakarta a kafaɗa. A cikin jakar akwai abincinta, da cokalinta, da kofinta. Ta ce mini ta yi aiki a gidajen Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma ba ta taɓa jinyar mutumin Afirka ba. Na ce mata Inna ma ba ta taɓa ganin 'yar Filifin kusa da kusa ba, sai su koya tare.

Aiki dai ta iya shi. Ta yi wa Inna wanka, ta shafa mata mai, ta juya ta, ta motsa mata hannun da ya shanye. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Turanci, amma cikin 'yan kwanaki ta gane lokutan salla, ta san yadda za ta kawo buta da roba ta taimaka mata da alwala, ita da take Kirista. Abu ɗaya ne ya gagara, shi ne abinci.

Kullum na dawo, labarin da mai jinyar ke ba ni ɗaya ne. "Madam, Mama ba ta ci ba. Ina ajiye mata, sai ta ture kwanon. In mayar gabanta, ta sake turewa." Ta ce tana zama a kujera kusa da gadon, kamar yadda likita ya ce, tana lura da haɗiyar, amma babu abin da za ta lura da shi. In na shiga na ce, "Inna, ba ki ci komai ba," sai ta ce wa bango, "Na ƙoshi." Kunun gyaɗa kawai take karɓa a hannuna, shi ma sai ta juya baya take kurɓa, ni kuma ina laɓe a bakin ƙofa ina sauraron ko za ta yi tari.

Babu abin da ban gwada ba. Na ce ko abincin ne, na bi shagunan 'yan Afirka na Deira na samo kuka da daddawa da man shanu. Nakan tashi tun asuba in tuƙa tuwon shinkafa mai laushi in zuba a kula. In dawo in tarar da shi yadda na bar shi, ya yi sanyi. Na ce ko haƙori ne, aka duba, lafiya lau. Maigidana ya ce a ɗauko wata daga gida, amma maganar biza ba ta kwana ɗaya ba ce. Daga ƙarshe na yanke cewa jininsu ne bai haɗu ba, Inna ba ta son baƙuwar fuska. Na ce mata zan sa kamfani su canzo wata, ko 'yar Afirka ce. A nan ne na ga ranta ya ɓaci.

"Me ta yi da za a kore ta?" in ji ta, tana kallon taga. "Yarinyar mutane ba ta yi wa kowa komai ba."

Sai na rasa inda zan sa kaina. Inna kuwa tana ta ramewa. Zoben da ke hannunta tun ina yarinya ya fara zamewa, har muka cire muka adana. Da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, murmushin likitan nan ya ɗauke. Ya ce idan muka dawo ganinsa na gaba ba ta ƙaru ba, zai kwantar da ita a sa mata robar abinci ta hanci, maganar komawa gida kuma sai yadda hali ya yi. A mota na fassara mata, ina sassautawa. Ta gane duk da haka. Ta ce, "Ni ba za a ɗura mini abinci ta hanci ba. Ku mayar da ni ɗakina in mutu a can." Ranar na yi kuka a cikin jirgin ƙasa na metro, a tsaye, mutane suna ta satar kallona.

Ana cikin haka sai ga wata Hajiya daga Kano, 'yar unguwarmu, wadda ke zuwa sarin abaya da takalma, maigidana ke tura mata kaya. Irin matan nan ne da tun daga lif za ka ji muryarsu. Ta sauka a wani otal nan kusa da mu, ta ji Inna ba lafiya, ta ce sai ta zo. Ranar Asabar ce, lokacin hutun mako Juma'a da Asabar ne, don haka ina gida. Ta shigo daidai an kai wa Inna abincin rana. Ga Inna a jingine da filo, ga tuwo a gabanta, ga mai jinya a kujera ta naɗe hannu tana kallonta.

Hajiya ta gaishe da Inna, ta yi mata ya jiki, sannan ta dubi mai jinyar sama da ƙasa, ta juyo gare ni.

"Wannan kuma laifin me ta yi aka hana ta abinci?"

Na ce, "Ba hana ta aka yi ba, Hajiya, aikinta ne. Likita ya ce a riƙa kallon Inna in tana ci."

"Kallo? A Dubai har kallon mai cin tuwo aiki ne? To ni dai tun safe nake yawon kasuwa, shayi kawai na sha. Yalla, maza ba ni ruwa in wanke hannu. Inna, matsa mini."

Ta hau gefen gadon ta yi bisimilla ta yanko loma. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga hannun Inna ya ɗago a hankali ya shiga kwanon. Na ja da baya na laɓe don kada ta gan ni ta fasa. Hajiya tana ci tana zuba labari, wa ya yi aure, wa ya rushe katanga, wa ya tafi Umara ya dawo da mura. Inna tana ci. Ci na gaske, har da siɗe yatsa. Mai jinyar ta fito ta same ni, idonta a waje, tana raɗa, "Madam, Mama tana ci! Mama tana ci!"

Da suka gama na shiga ɗaukar kwano. Hajiya ta ce, "Inna, wai an ce ba kya cin abinci, ga shi kin kusa fin ƙarfina." Inna ta goge bakinta, ta amsa wa Hajiya, amma na san da ni take.

"Yarinya ta baro uwarta da garinsu, tun safe tana kaina, ta wanke ni ta shafe ni. Sai in zauna ina ci tana kallon bakina? A gidan wa aka taɓa yin haka? Kullum sai na tura mata kwanon, ita kuma ta turo mini. Na ce ko ƙyanƙyamin abincinmu take."

Na tsaya da kwano a hannu kamar an dasa ni. Duk makonnin nan, abin da ake kawo mini rahoto a kai cewa Inna ta ture abinci, ashe tayi take yi. A gidanmu na Kano ko mai gyaran famfo ya shigo ana ci, sai ya sa hannu kafin ya taɓa famfon. Na san wannan sarai, amma Dubai ta sa na saba ganin kowa da robar abincinsa a gaban kwamfuta, har ya daina yi mini wani iri. Hajiya ta yi ta yi mini dariya, ta ce boko ya cinye ni.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Da na sami mai jinyar a kicin na bayyana mata, sai ta girgiza kai. Ta ce ba za ta iya ba, kamfani ya hana su cin abincin majinyaci. Na ce ni na dafa, ni kuma na ce ta ci. Ta juya kofinta a hannu. Can ta ce gidan da ta fara aiki a garin nan, an ware mata kofi da faranti, an ɗaura musu jan zare don kada su haɗu da na masu gida. A tsaye take ci a kicin, bayan kowa ya gama. Wani gidan kuma ta sha ruwa da kofinsu bisa kuskure, a gabanta aka jefa shi a shara. Tun daga nan take yawo da nata. Ta ce, "Da Mama take turo kwanon, na zaci so take in matsa daga kusa da abincinta."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Mata biyu a ɗaki ɗaya, kowacce tana zaton ɗayar ƙyamarta take, tsohuwa tana ramewa a tsakani. Na kira kamfanin, suka ce in dai da yardata ne su ba ruwansu. Na kira likita, ya yi dariya ya ce wanda ke cikin kwano ai ya fi na kan kujera ganin haɗiya.

Washegari na makara da gangan don in ga yadda za a yi. Ta zo da cokalinta ta zauna a bakin gadon, a ɗarare. Inna ta miƙa hannu ta zare cokalin ta ajiye a gefe. Mai jinyar ta yi dariya, ta ce mini a ƙauyensu ma da hannu suke cin shinkafa. Amma shinkafa daban, miyar kuka daban. Lomar farko miyar ta biyo hannunta har gwiwa. Inna ta kama yatsunta ta nuna mata yadda ake yanka, a murza, a dangwala. Sai mai jinyar ta ɗanɗana wani yaji da Hajiya ta kawo mana tsaraba, ta kama tari, hawaye na zuba. Wadda aka ɗauko don ta lura kada abinci ya sarƙe Inna, ga Inna tana bubbuga mata baya tana "sannu, sannu, sha ruwa." Ranar na fara jin dariyar Inna tun da ta faɗi. A karkace ta fito, amma dariya ce.

Daga nan abinci ya daina dawowa. Matsala ɗaya, Inna takan tsame hannu da wuri ta bar mata sauran, yadda babba ke yi wa yaro, kuma duk naman sai ta tura shi gabanta. Mai jinyar ta gano dabara, in Inna ta tsame, ita ma sai ta tsame ta naɗe hannu. Dole Inna ta dawo tana mita. Da muka koma asibiti sikeli ya nuna ta ƙaru, ba a sake ta da maganar roba ba. Likitan ya dubi mai jinyar, wadda rigar aikinta ta fara kama ta, ya ce da alama maganin mutum biyu ya yi wa aiki.

Inna ta fara da kiranta "baƙuwar nan", ta koma "'yar nan", kafin shekara ta zagayo ta zama "autata". Autar kuwa ta koyi Hausar cin abinci kaf: bisimilla, ƙara, na ƙoshi, da daɗi, ba gishiri. Kofinta na cikin jaka ban san ranar da ya daina zuwa ba. Ni kuwa ina nan a matsayina. In ina gida ranar Asabar, in kai musu kwano, in koma bakin ƙofa ina jin suna hira da hannu da ka, kowacce da harshenta. Ina murna, Allah ya sani. Amma ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin nakan ce a raina, wannan daga zuwanta ta samu abin da ni ban taɓa samu ba.

Da Inna ta fara takawa da sanda, likita ya ba da izinin tafiya. Asabar ɗin ƙarshe na yi tuwo da miyar kuka da man shanu, na kai musu, na koma wurin tsayuwata. Suka wanke hannu. Inna ta yi bisimilla. Mai jinyar ba ta motsa ba. Inna ta tura mata kwanon, ta turo shi tsakiya ta naɗe hannu.

"Auta, ci mana."

Mai jinyar ta nuna ni da haɓa, ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Madam kallo. Ni ba ci."

Na ji kamar in nutse, na fara cewa a'a ni na ƙoshi, zan koma kicin. Mai jinyar ta ce, "Khalas, ya isa, madam, tsaya." Ta sake duban Inna. Inna ce ta koya mata dokar, yau ga ta ta dawo kanta. Inna ta daɗe tana kallon taga. Can ta sa hannunta mai lafiya ta ja kwanon kaɗan zuwa gefen da ba kowa. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa autarta, "Ce mata ta wanko hannu."

Ban san yadda na isa famfo ba. Na zauna a bakin gadon, ni da na haura shekara talatin, kamar amarya a gidan miji. Muna cikin ci na ga yatsun Inna sun turo wata tsoka, a hankali, ta gefen kwano, har ta iso gabana. Na cinye ta da hawaye da komai.

Inna ta koma Kano ta yi 'yan shekaru a ɗakinta, cikin jikokinta, kafin Allah ya karɓi abarsa. Da na sanar da autarta ta waya, ta yi kuka kamar ita aka yi wa mutuwa, kuma ita ɗin aka yi wa. Har yanzu tana garin nan tana jinyar tsofaffi. Mukan haɗu jefi-jefi a Al Rigga mu sha shayi. Ta ce duk sabon gidan da ta je, in tsoho ya ture kwano, takan fara duba ko wajenta ya turo shi.

Nakan tuna matar nan ta kamfani da tambayarta, wace ƙasa nake so. Da za ta sake tambayata yau, ban san me zan ce ba, don abin da Inna ke buƙata ba ya cikin jerin nata. Mun bar wancan fulat ɗin tuni, amma in metro ya tsaya a Al Rigga nakan ji ƙamshin man shanu a hancina, in ji kewar ɗakin nan mai taga ɗaya ta kama ni.

Har ta koma ga Allah Inna ba ta kira sunana ba, kuma na daina jiran hakan tun ranar Asabar ɗin nan. Duk zuwan da na yi Kano bayan nan, in an kawo mata abinci ina ɗakin, ba ta rufe kwanon. Sai ta dubi ƙaramin jikan da ke kusa ta ce, "Ce mata ta wanko hannu."